Na Ba da Aron Malfarka, Gidaɗo

Zuwa ga aminina Gidaɗo, wanda ke kwance a maƙabartar gabas da Gwangwan damina huɗu ke nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya sa ka cikin bayinsa da Ya yarda da su. Mu nan muna lafiya gwargwadon hali. An yi kaka. Gero ya yi kyau, dawa ta ɗan gaza saboda ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa kuwa sai godiya. Ɗanka Buba da iyalinsa suna nan a rugar da ka bar su, har zuwa yau da nake wannan magana. Na ce har zuwa yau ne don jibi ban san inda za su kwana ba.

Ka san ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Hajara ce ke rubutawa, 'yata ta fari, wadda ka kawo wa ɗan maraƙi ranar sunanta, yanzu ita ma ta yi jikoki. Na zaunar da ita na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, in ta gama ta sa a wayarta inda jama'a ke karantawa. Ta ce mamaci ba ya karanta wasiƙa. Na ce mata na sani, ba yau aka haife ni ba. Akwai maganar da na kasa faɗa wa masu rai ido da ido. To, bari in faɗa maka, su kuma su ji.

Gidaɗo, na yi ɓarna. Na ba da aron malfarka.

Bari in ɗauko maganar daga tushe, saboda yaran da za su karanta ba su san komai a kanta ba, manyan kuma da suka sani sun yi kamar sun manta.

Ka tuna lokacin yaƙin basasa. Ni da kai ko gemu ba mu tsayar ba. Ana ta kwasar samari a mota zuwa Kano, daga can a wuce da su inda ba mu taɓa jin sunansa ba. Wasu gidajen aka bar mata da yara ba mai yi musu noma. Sai malamin yaƙi da jahilci na ƙasarmu ya tara mu a ƙarƙashin tsamiyar kasuwa, ya ce za mu yi wasan kwaikwayo, a riƙa zagayawa kasuwa kasuwa, a nuna wa mutane halin da iyalan sojoji ke ciki, a tara musu hatsi. Mu da ba mu san mene ne wasan kwaikwayo ba, in ban da tashe. Ya dube ni ya ce fuskata ta marowata ce, ni zan fito a manomin da ya kulle rumbunsa. Ya dube ka ya ce kai ba sai an koya maka komai ba, ka shigo kawai yadda kake, da sandarka da malfarka.

Wasan ba shi da wani tsawo. Matar soja ta zo ƙofar gidana da goyo, in kore ta. Liman ya zo ya yi mini nasiha, in ce kunnena na ciwo. Mai unguwa ya zo da tsawa, in rantse ɓeraye sun cinye komai. Jama'a su yi ta dariya suna zagina. Daga ƙarshe sai kai ka shigo. Ba ka cewa uffan. Ka cire malfarka, ka juya ta, ka zuba 'yar tsabar da ke cikin jakarka, ka miƙo mini ita, ka tsaya. Haka za ka yi ta tsayuwa kana kallona, har kasuwa ta yi tsit, har ni da na san wasa ne in ji kunya ta kama ni da gaske. Sai in je in buɗe rumbu. Daga nan ka bi cikin mutane da malfar a juye, mata na zuba gero, maza na zuba dawa, in ta cika a juye a buhu ka sake komawa.

Mun yi shi a Rogo, mun yi a Ƙaraye, mun yi a ƙauyukan da yanzu wasunsu sun zama kufai. A ƙafa muke zuwa. Kai a gaba kamar kana bin shanu, ni a baya ina haki. Kana juyowa kana ce mini, Kaɗo, da rowa na sa gudu da tuni ka kai. Ni kuma in ce, ɗan Fulani, ai yunwa ce ta sa ba ka da nauyi.

Yaƙi ya ƙare. Wasu suka dawo, wasu har yau. Aka daina wasa. Amma ni wasan bai daina ni ba. Sunana na yanka Inuwa, waye ya san shi? Na-rowa kowa ke kirana. Na ciyar da baƙi, na ba da zakka a idon jama'a, na ɗauki marayu uku na aurar, duk da haka jikokina in an tambaye su 'yan gidan wa ne sai su ce gidan Na-rowa. Wata rana na kawo maka ƙorafi a ruga, ka bari na gama, ka ce: Kaɗo, mutane ba sa riƙe maganar da aka yi a wasa, wanda ya sa kayan suke riƙewa. Na ji wannan magana da kunnena. Na fi kowa sanin gaskiyarta a duk ƙasar Rogo, don a jikina aka gwada ta. Ka riƙe wannan, za ka ga girman wautata.

Da ciwon ajali ya kwantar da kai na zo duba ka. Ka sa aka sauko da malfar daga inda take rataye. Jar fata a tsininta, farin wuri guda uku a ɗinke a gaba, ga kuma facin baƙar fata a gefen da saniyarka ta taɓa gatsa, wanda badukun Rogo ya yi maka. Duk wanda ya kai shekara arba'in a yankin nan ya san ta tun daga nesa. Ka ce Buba ya gaji shanu, ni in gaji wannan, tun da ni kaɗai na rage da na san aikin da ta yi. Na kai ta ɗaki na rataye a saman gadona. Ko jikokina ban bari su taɓa ba.

Yanzu ga halin da muke ciki. Wani yaƙin ya zo, Gidaɗo, amma ba irin wancan ba. Wancan a rediyo muke jin sa. Wannan kuwa yana can ƙetaren iyakar jiharmu, tafiyar babur, kuma ba shi da fagen daga. Mutane ne da bindigogi suke fitowa daga daji su afka wa ƙauye, su kore shanu, su tafi da mata da magidanta. Tun kana raye an fara jin ƙishin-ƙishin, yanzu abin ya matso. Waɗanda suka tsira sun gudo mana. Suna nan a zaurukan dangi, wasu a ajin makaranta, wasu a rumfunan kasuwa in an tashi. Na ga dattijo sa'ana, wanda aka ce da garke yake da rumbuna, yana zaune a kan buhu da takalmi ƙafa ɗaya. Samarinmu sun kafa 'yan sa-kai, suna yawo da bindigar toka da gora. Kowa na kallon kowa. Ana cewa ɓarayin ba sa shiga gari sai da ɗan gari da ya nuna musu hanya, kuma kullum ana neman wane ne.

Buba ma bai tsira ba. Bara suka tare shanunsa a hanyar mashaya suka kore fiye da rabi, har da zuriyar farar saniyar nan taka. Bai kai ƙara ko'ina ba. Ka san ɗanka, kai ya biyo.

Ana cikin haka sai ga Malam Sabi'u, wani malamin firamare a Ƙaraye, ya yi mini sallama. Mutumin kirki ne, ba zan ci zalinsa ba. Ya ce sun haɗa ƙungiya za su yi wasan kwaikwayo a kasuwanni, su ja kunnen mutane kada su sayar wa 'yan daji mai da burodi, kada su kai musu labari, sannan a tara wa 'yan gudun hijira hatsi da tabarmi da tufafi. Ya ce an gaya masa ni ne na rage cikin waɗanda suka yi irin wannan a da.

Gidaɗo, shekara nawa ba wanda ya tambaye ni labarin nan? In na fara, yara su tashi ɗaya bayan ɗaya. Ga mutum da biro da takarda ya zo har gida yana cewa in ba shi. Na fara tun hantsi, ban tsaya ba sai da aka kira azahar. Na yi masa muryar liman, na yi ta mai unguwa, na tashi tsaye na gwada masa tsayuwarka. Daɗi ya ɗebe ni na shiga ɗaki na fito da malfar. Ya juya ta a hannu ya ce, Baba, irin wannan muke nema, yanzu ba a samun ta, ko za ka ara mana? Na ce ɗauka. Na haɗa masa da sandarka, wadda ka ba ni tare da ita.

Ban tambaye shi wa zai sa ba. Ka ji ɓarnar. A raina malfa aikinta ɗaya ne, a juya ta a bi cikin jama'a. Ban taɓa kawo cewa akwai wani abin da za a yi da ita ba.

Ranar kasuwar Ƙaraye suka aiko babur ya ɗauke ni. Bayan la'asar aka share fili kusa da 'yan hatsi, aka kafa lasifika, aka zaunar da ni a bencin gaba kusa da wakilin hakimi. Har aka ambaci sunana, Na-rowa, jama'a suka yi tafi. Ina ta murmushi kamar ango.

Wasan ya fara da kyau, ba zan ɓoye ba. Sun fi mu iyawa. Akwai mai shagon da ke sayar wa baƙi mai da yawa ba ya tambaya, akwai matar da ke yi masa faɗa. Sai aka buga ganga, aka ce ga shugaban ɓarayi nan tafe. Wani direba ne mai suna Tasi'u, dogo. Ya shigo da bindigar katako a rataye, sandarka a gicciye bisa kafaɗunsa, malfarka a kansa. Yana karya harshe yana kwaikwayon Hausar mutanen ruga, jama'a na ƙyaƙyatawa.

Ban ji sauran abin da ya faɗa ba. Abin da na ji shi ne muryar wani a bayana yana cewa, kai, wannan ba malfar Gidaɗo ba ce? Wani ya ce ita ce, ga facin nan. Na farkon ya ce, to. Sai na uku, wanda ban ga fuskarsa ba, ya ce ai su masu wasan nan ba a banza suke abu ba, sun san abin da suka sani, ba dai za su fito su kama suna ba ne.

A nan ya kamata in miƙe. Lasifika na gabana, taku biyar. In ce, jama'a, ni na ba da ita, daga ɗakina ta fito. Wallahi Gidaɗo na yi niyya. Gwiwoyina suka ƙi. Na ji kunyar wakilin hakimi, na ji kunyar ɓata wa yara wasa, na ce bari a gama tukuna. Da aka gama aka shimfiɗa buhuna, mutane suka yi ta zubawa, an tara abin kirki. Hayaniya ta kaure, kowa ya kama gabansa. Kuma duk tsawon wasan wayoyi na sama suna ɗauka. Kafin in iso gida hoton ya riga ni.

A zamaninmu in an yi wasa an tashi, ya wuce, sai abin da mutum ya riƙe a ka. Yanzu wasa ba ya tashi. Hajara ta nuna mini shi a wayarta, an yanke duk sauran, an bar wurin da Tasi'u ke nuna wa mace bindiga da malfarka a kansa. A ƙasa wani ya rubuta sunan rugarku.

Kwana biyu bayan nan Daso, matar Buba, ta shigo Gwangwan da nono kamar yadda ta saba. Ta zagaya gari ta koma da ƙwaryarta a cike. Gidajen da uwar mijinta ta yi shekara da shekaru tana shiga har ɗaka, aka ce mata daga zaure yau ba a bukata. Ta biyo ta ƙofar gidana ba ta shigo ba. Ina zaune na gan ta, ita ma ta gan ni, ta gaishe ni daga nesa ta wuce.

Washegari da safe 'yan sa-kai suka je ruga. Ba su taɓa kowa ba. Sun dai tsaya suna tambayar maza nawa ne a gidan, ina babban ɗan Buba yake. Aka ce ya yi kudu da ragowar shanu neman ciyawa, kamar yadda ake yi duk shekara tun kafin a haifi iyayensu. Suka dubi juna suka ce, kudu ko? Suka tafi. Yaran nan na san kakanninsu. Ɗaya daga cikinsu uwarsa da nonon rugarka aka yaye ta.

Tun ranar ban ƙara cin abinci ya zauna mini ba. Na ji abin da ya faru a wasu wurare, inda aka fara da irin wannan tambaya aka ƙare da toka. Ba na bukatar a ba ni labari, masu gudun da ke zaurukanmu ba Hausawa kaɗai ba ne, akwai mutanen ruga a cikinsu, kuma ba duka 'yan daji ne suka kore su ba. In babur ya wuce ta hanyar rugarku sai in tsaya in ƙirga mutum nawa ne a kai. In na hango hayaƙi ta gabas sai in miƙe ina leƙe, alhali kara ake ƙonawa a gona. Na tsufa, Gidaɗo, na ga yaƙi, na ga yunwa, na binne 'ya'ya biyu, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Wancan duk daga Allah ne kai tsaye. Wannan da hannuna na miƙa.

Na hau babur na koma wurin Malam Sabi'u. Ya ce, Baba, ai wasa ne kawai. Na ce masa, yaro, mene ne sunana? Ya ce Na-rowa. Na ce wa ya raɗa mini? Ya shiga ya ɗauko malfar da sandar ya ba ni da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi bai san ta wani ce sananne ba, shi dai ya ga kayan Fulani. Na ce to wa ya ce maka ɓarawo kayan Fulani yake sawa? Ya ce haka kowa ke yi a wasa.

Muna cikin maganar sai wata mata daga cikin masu gudun hijira, da ke shara a harabar makarantar, ta dakata da tsintsiya a hannu. Ta ce ita ba ta so ta sa baki ba, amma ranar wasan ta kalla ta koma ta kwanta. Ta ce waɗanda suka shiga garinsu fuskokinsu a naɗe suke, wasu na Fulatanci wasu na Hausa. Wanda kuma ya nuna ƙofar gidansu hula ce a kansa irin ta Malam, kuma shekara goma suna sayen gishiri a shagonsa. Ta ci gaba da shararta.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallaci na ce ina da magana. Na fara da yaƙin basasa, don in ba a san farkon ba ba za a gane ƙarshen ba. Kafin in iso kan malfa rabin sahu ya watse. Na ji wani na cewa Na-rowa ya fara ruɗewa. Dagaci ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da zai faru, yana sane. Ya faɗa yana kallon wani wuri.

Shekaranjiya na ɗauki malfar na sa a buhu, na tafi ruga a ƙafa. Hajara ta ce in bari a kai ni, na ƙi. Hanyar da na bi da kai sau dubu ba za a goya ni a kanta in je ba da haƙuri ba. Na huta sau uku kafin in kai.

Buba ya taryo ni tun daga bakin shinge. Ya durƙusa. Baffa, sannu da hanya, Baffa, ina gajiya. Ya shimfiɗa mini buzunka a inuwar da kake zama. Daso ta kawo fura da nono mai sanyi. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafata, ya tambayi yadda dawa ta yi. Bai ce komai ba game da abin da ya kawo ni. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Na ɗaga ido na duba cikin bukkar Daso ta ƙofa, sai na ga an sauke jeren ƙoranta duka, an ɗaure su cikin raga. Turakun maruƙa an tuge rabi. Ka san ma'anar wannan fiye da ni.

Na ce, Buba, ina za ku? Ya ce bai sani ba tukuna. Na ce in kun tashi yanzu za a ce dama gaskiya ne. Ya ce ya sani. Na ce in kun shiga daji kuma waɗancan na can. Ya ce ya sani, Baffa. Ya ce an haife shi a nan, ya binne uwa da uba a nan, amma yana da 'ya'ya mata huɗu, ba zai zauna yana jiran ranar da za a zo ba.

Sai na fito da malfar na ajiye a gabansa. Na faɗa masa komai, har da gwiwoyina da suka ƙi miƙewa. Na yi kuka a gaban ɗan da aka haifa a idona, ban ji kunya ba. Ya daɗe yana shafa facin nan da yatsa. Can ya ce, Baffa, Baba ya sha gaya mana yadda kuke yi. Ya ce wai shi ba ya magana, tsayawa kawai yake. Na ce haka ne. Buba ya ce to shi ma tsayuwa ai ba za ta gagare shi ba.

Ga abin da muka shirya. Gobe kasuwar Ƙaraye ce, kuma za a sake wasan a filin nan dai. Malam Sabi'u ya yarda. Tasi'u zai naɗe fuskarsa da tsumma, ya yi Hausarsa ta gado, ba malfa ba sanda. Bayan nasu ya ƙare, ni zan shiga. Zan sake zama marowacin da ya kulle rumbu, da wannan tsufan, da wannan ƙafar. Mai gudun hijira ta zo in kore ta, liman ya zo in ce kunnena na ciwo. Sannan Buba ya shigo da malfar ubansa a kansa, a gaban duk wanda ya ga hoton nan, ya cire ta, ya juya, ya tsaya. In na buɗe rumbu, ya bi cikin mutane da ita. Ya ce in an zuba, zai koma ya kafa turakunsa. In ya zagaya ta dawo wayam, ya ji amsar garin, jibi da sassafe za su ɗaura kaya.

Hajara ta ajiye biro ta ce wannan ganganci ne. Na ce ta ɗauka ta ci gaba. Amma tsakanina da kai, ba ta yi ƙarya ba. Zan tura ɗanka cikin taron da ba a san zuciyarsa ba, hannuwansa biyu riƙe da malfa, ba abin kare kai, 'yan sa-kai na tsaye a gefe. Mutum ɗaya ya isa. Wani ya yi ihu, wani ya jefa dutse, shi ke nan. Kuma wayoyin nan za su sake ɗauka, hoton ya tafi har daji, waɗancan su ga ɗan Fulanin da ke tara wa waɗanda suka kora abinci. Ta ko'ina na duba tsoro ne. Na gaya wa Buba haka. Ya ce, Baffa, tsoron ai yana nan ko an yi ko ba a yi ba.

Abin da zan iya shi ne kaɗan. In ya shiga cikin jama'a ba zan tsaya a fili ba kamar da. Zan bi shi kafaɗa da kafaɗa, ina riƙe da gefen rigarsa. Duk abin da za a jefa ya fara samuna. Wannan karon gwiwoyin nan za su miƙe ko sun ƙi ko sun so.

Shi ya sa na ce a sa wasiƙar nan inda aka sa wancan hoto. Duk mai karantawa ya sani, kuma kai ne shaidata: malfar Gidaɗo daga saman gadona ta fito, ni Inuwa na ba da ita, ba wanda ya san komai game da rugar nan sai alheri. Wanda kakarsa ta kwana da abinci a ciki lokacin yaƙin basasa, ya je ya tambaya daga ina hatsin ya fito.

Ɗazu da hantsi aka yi sallama. Ka tuna Tabawa ta Unguwar Hajji, wadda mijinta ya tafi yaƙi da wata uku da aurensu bai dawo ba? Wadda muka kai wa buhu har ƙofa, ta ɓuya a bayan kara don kunya? Tana raye, idonta ya tafi. Labari ya kai mata. Ta aiko surukarta ta ce a gaya wa Na-rowa gobe za a kawo ta kasuwa a amalanke, da tiyar geronta a cinya, a ce wa ɗan Gidaɗo ya fara biyowa ta wurinta, za ta gane malfar da hannu.

Ni ma na buɗe rumbuna na auna tawa. Mu biyu ke nan da na tabbatar. Sauran ban sani ba.

Ya Allah, Kai ne Ka san abin da ke cikin zukata, Ka sanyaya na mutanen garin nan gobe. Ka tsare Buba da iyalinsa, kada Ka kama su da laifin tsoho mai son a saurare shi. Ka mayar da masu gudu gidajensu, Ka shirya waɗanda ke daji, in ba masu shiryuwa ba ne Ka yi mana maganinsu. Ka gafarta wa Gidaɗo, Ka gafarta wa iyayenmu, Ka sa in na je inda yake in iya haɗa ido da shi. Amin.

Ka yafe mini, ɗan Fulani. Ka yi gaba kamar kullum, ina nan tafe a baya ina haki.

Naka har ranar saduwa,
Kaɗonka, Inuwa, wanda ake kira Na-rowa,
Gwangwan, ƙasar Rogo.